Taki Hamsin na Sarjan Na Allah Wada (1941–2023)

Haihuwa da ƙuruciya

A shekarar 1941 aka haifi Na Allah, a wata tunga gabas da garin Sarkin Hausa cikin ƙasar Mayahi. Mahaifinsa Wada manomi ne mai ƴan shanu, mahaifiyarsa Asiya kuwa mutuniyar Tasawa ce. An sa shi makarantar allo, daga bisani aka rubuta shi lakwal, wato makarantar boko, a Mayahi, amma bai cika shekara biyu ba ya gudu, domin tun yana ƙarami ƙafarsa ba ta san zama ba. Sauran ƙuruciyarsa a daji ya yi ta, tsakanin kiwo da harbin zabi.

Aikin soja da aure

A 1961 ya shiga soja, ya yi aiki a Agadas da Bilma da Gigmi, inda sintiri a ƙafa ya daidaita takinsa har abokan aikinsa suka riƙa auna fili da shi. Ya auri Saudatu a 1968, wadda ta sha faɗa cewa rabin aurenta da takalmansa ta zauna, ba da shi ba. Ya ajiye aiki a 1976 da muƙamin sarjan, ya sayi karsana huɗu, ya koma daji.

Burtali

Bayan farin 1984, wanda ya bar masa shanu tara cikin sittin, gonaki suka fara cinye burtalin da dabbobi ke bi zuwa makiyayar Isawan idan damina ta faɗi. A 1987 aka yi rikicin da ya kai ga zubar da jini, sai masu gari da makiyaya suka yi ittifaƙi cewa faɗin burtali taki hamsin ne, da takin Sarjan, kuma shi ne zai riƙa dasa aguwa gefe da gefe ta zama iyaka.

Ya riƙe wannan amana shekara talatin da biyu. Kowace bazara, kafin ruwan shuka, yakan ɗora rassan aguwa a jaki ya bi kilomita goma sha biyu, duk inda ya tarar ta mutu ko an tuge ta sai ya tsaya a iyakar yamma, ya ƙirga hamsin, ya dasa sabuwa. Manoma ba su taɓa yi masa musu ba, shi kuwa ya ɗauka ladabi ne.

Shekarun ƙarshe

A daminar 2019 garken wani baƙo ya matsu a burtalin ya faɗa cikin gero, aka kira ma'aikacin dabbobi ya auna da igiyar awo. Inda tsohuwar aguwa take ya sami mita arba'in, inda Sarjan ya dasa a ƴan shekarun nan kuwa ashirin da shida. Ƙidayarsa ba ta taɓa kuskure ba. Takin ne ya tsufa tare da mai shi. Da ƙafarsa ya ƙuntata hanyar da ya ba rayuwarsa, kuma babu abin da ya taɓa yi masa ciwo kamar wannan, kai ko rasuwar Saudatu a 2015.

Daga ranar bai sake samun natsuwa ba. Ya yanki igiya mai tsawon mita arba'in, ya shiga bin gonaki ɗaya bayan ɗaya yana roƙon a ja da baya. Wasu suka ji kunyar furfurarsa suka matsa, wasu suka ce masa: "Haba Baba Sarjan, kai da hannunka ka dasa, mu bin ka munka yi. Yau kuma mi ya faru?" Amsarsa ɗaya ce a kullum: "Ni na ɓata, ku bar ni in gyara tun ina numfashi." Wanda ya ƙi bana, baɗi zai gan shi a bakin gonarsa tun da sassafe. Cikin bazara huɗu ya maido da kilomita tara, ƴaƴansa suna yi masa magiya ya zauna gida, shi kuwa ko a jikinsa.

Rasuwa

Ranar Talata, 16 ga Mayu 2023, da hantsi, ya faɗi a cikin burtalin yana jan igiya, Allah ya karɓi ransa kafin amalanke ta iso da shi gida, yana da shekara tamanin da biyu. An yi masa sutura bayan azahar a maƙabartar Sarkin Hausa, makiyaya daga Isawan har Tasawa suka halarta. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ya bar jikoki ashirin da uku da ƴaƴa biyar: Iliyasu, mai riƙe da garken, Hafsa, tana aure a Tasawa, Ƙadri, soja, Samira, malamar lakwal a Mayahi, sai auta Sirajo, manomi, wanda a bakin gonarsa igiyar ta tsaya, kuma har ranar da aka rubuta wannan tarihi bai tuge aguwa ko ɗaya ya ja da baya ba.