Dattijon da ke Sauraron Injin Kifaye

A ɗakin jiran likita, wata malamar makaranta na zaune tana jiran sakamakon gwajinta, amma idonta na kan wani dattijo mai gyara da ya durƙusa gaban tankin gilashi. Kifayen teku ne a ciki, shuɗɗa da rawaya. Ruwan gishirinsu ya ɗumama, duk sun taso sama suna haki, injin sanyaya ruwan kuwa sai gurnani yake yi, babu sanyi.

Dattijon siriri ne, furfura ta cinye gemunsa, tabaransa ɗaure da zare. Yana ɗora bayan hannunsa a gilashin kamar mai duba zazzaɓin jariri, sannan ya kara kunne a jikin injin, ya lumshe ido. Tana rayawa a ranta cewa wannan hannun ya daɗe yana jinyar wani, wataƙila matarsa.

"Baba, injin ya mutu ne?" ta tambaye shi.

Ya janyo injin daga jikin bango, ya hure ƙurar da ta toshe ragarsa.

"Lafiyarsa ƙalau, 'yata. Matse shi aka yi, aka hana shi numfashi."

Sai a lokacin ta lura ita ma riƙe take da nata numfashin. Ta sake shi a hankali.