Biba a Biron Sirbeyan

Yayata Biba ba ta taɓa zama aji ba, ko na yaƙi da jahilci. Sau ɗaya tak ƙafarta ta taka harabar makarantar boko, shi ma ni na je na ɗauko ta. Tun da ta rasu bara mutane ke ta yabon haƙurinta, har kunnena ya gaji. Haƙuri kam ta yi shi, Allah ya jiƙanta. Amma ni abin da nake so a sani game da ita daban ne.

Ni ce Suwaiba, ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya. A wani ƙauye bayan Tabotaki anka haife mu, inda gona rabi ƙasa ce rabi dutse. Biba ce ɗiyar fari, don haka har Innarmu ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunanta ba. Haka ake yi a wurinmu. Ɗan fari ba a faɗin sunanshi, ba a yi mishi wasa gaban mutane, ba a ce "nawa ne". Ni da na zo daga baya an goye ni, an yi mini kirari, na tashi da baki. Biba ta tashi shiru, kuma ban taɓa jin ta ce an cuce ta ba.

Anka yi mata aure da Isaka, mutumin ƙauyen da ke gaba da namu. Mutum ne mai kirki, sai dai ɗan bida ne, mai tafiya neman kuɗi ƙasashen waje, kamar yawancin mazan Adar. Ya yi Abijan, ya dawo, ya yi Libiya, daga nan dawowar ta fara nisa. Biba ce gonar, Biba ce gidan. Lokacin da anka kawo aikin jera duwatsu a kan tudu don tare ruwa, tana cikin matan da sunka yi ta ɗauka a ka, ana ba su hatsi da mai. Da rani kuma tabarma take saƙa ta kaba, ta aika kasuwar Tabotaki. Tafin hannunta in kin taɓa sai ki ce bayan ƙwarya.

Haihuwarta ta fari mace ce, anka sa mata Rahila, sunan uwar Isaka. To kun ga kunya ta zama biyu, ga ɗiyar fari ga sunan suruka. Biba ta riƙe abin nan fiye da kowa da na sani. In tana son yarinyar ta ci abinci, sai ta dubi bango ta ce, "A gaya ma mutanen ɗakin ga tuwo na hucewa." In aike ne, sai ta gaya wa ƙanen yarinyar ya gaya wa "waccan". Shekarar da ƙyanda ta kama Rahila tana ƙarama, Innarmu ce ta rungume ta cikin ɗaki. Biba na bakin ƙofa ta ba su baya, tana ta tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe. Ina kallonta, ko sau ɗaya ba ta leƙa ba.

Rahila ta fito da kai mai kyau. Da ta ci jarrabawar shiga kwalej anka turo ta Buza, inda nake aure, ni na zama mai masaukinta. Biba ba ta rako ta ba. Buhun gero ta aiko da shi, da saƙo wai na baƙuwata ne.

Kwalej ɗin nan tana da dokokinta, kuma ban ce duka banza ne ba. Da an ɗaga tuta da safe ake rufe ƙofa. Wanda ya makara sai ya tsaya waje, ya jira sirbeyan, wato malamin da ke kula da ladabin yara, ya ba shi ƴar takardar shiga aji, wani lokaci bayan ya share fili. Makara in ta taru ana lissafa ta fashi. Fashi kuwa ba da izini ba, sai ka zo da mahaifi ya yi bayani da bakinshi. In ba ka kawo ba, malamai su zauna a kanka, su sallame ka. Rahila na zuwa gida ƙarshen mako, ta dawo Litinin a duk motar da Allah ya kawo, don haka makararta ta Litinin ta zama sananniya. Ni nake zuwa in ba da haƙuri. Tsohon sirbeyan ya san ni, da ya hango ni sai ya ce, "Madam, yau ma motar ce?" In ce ita ce, ya sa hannu, a wuce wurin.

Yaran nan su sunka ɓata abin. Mafi yawansu iyayensu maza na bida, mata na ƙauye, sai sunka gano wani mai shayi a tasha, Ango, wanda in ka roƙe shi sai ya sa hula ya bi ka a matsayin uba. Ango ya haifi rabin kwalej, shi da ko aure bai yi ba! Da anka kawo sabon sirbeyan, Mushe Aliyu, haka muke kiran malaman boko, bai daɗe ba ya lura fuska ɗaya ce ke zuwa da ɗiyan ƙauyuka daban-daban. Ranshi ya ɓaci. Ya tara yara ya ce daga yau babu mai masauki, babu kawu, babu maƙwabci. Wanda ya haifi yaro shi za ya zo, ya faɗi sunan ɗanshi, ya ce nashi ne, ya faɗi dalilin fashi.

Shekarar ce Rahila ke ajin ƙarshe, ajin brebe, wato jarrabawar fita kwalej. Da kaka ta je gida ranar Juma'a, Litinin ta zo ban gan ta ba. Talata shiru. Ashe karan dawa ne ya soki Biba a ƙafa, ƙafar ta kumbura ba ta takawa. Ga shi mai gari ya sa an yi shelar ranar sakin gonaki, garken shanu da raƙuma sun gangaro daga arewa suna jira a bakin daji. Duk abin da ya kwana a gona bayan ranar nan, na dabbobi ne, ba ka da ƙara wurin kowa. Dawar Biba na tsaye, wakenta na ƙasa. Rahila ta ajiye jakarta ta ɗauki lauje, ita da ƙannenta, ba ta dawo Buza ba sai da dami na ƙarshe ya shiga rumbu. Mako guda da ɗoriya ta yi.

Ta dawo baƙa wuluk, hannu duk tsaga. Washegari ta je, anka maido ta daga ƙofa. Na yafa mayafi na tafi da kaina, ina ganin kamar da ne.

"Mushe, ni ce uwatta," na ce mishi.

"Ke kinka haihe ta?"

"Ƙanwar uwatta ce ni. Ni ke ci da ita, ni ke kwana da ita. Mi ya rage?"

"Haihuwar ta rage, Madam."

Wallahi na yi masifa har malaman da ke aji sunka leƙo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ranar Alhamis malamai za su zauna, kuma a makon nan ake aika sunayen masu brebe. In uwar ba ta zo ba kafin nan, sunan Rahila ba ya ciki, kujerarta ma ba ta da ita. Shekara huɗu na tafiyar yarinyar nan, da duk geron da Biba ta aiko, za su tafi a banza.

Na hau kabu-kabu sai ƙauye. Na tarar da Biba zaune a inuwar rumbu, ƙafa naɗe da tsumma, tana ɓarar wake. Na zayyana mata komai.

"Ke ba uwa ba ce?" ta ce.

"Sun ce wadda ta haihu."

"To su tambayi mutanen gari."

"Yaya, ba mutanen gari ake nema ba, ke ake nema! Kuma ki sani sai kin hwaɗi sunanta da bakinki."

Ta ci gaba da ɓarar wakenta kamar da rumbu nake magana. Na yi fushi na shige ɗaki. Da safe na fito na same ta ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na zuwa biki, tana dogare da sanda a bakin ƙofa.

Biron sirbeyan ɗan ɗaki ne, tebur ɗaya da benci. Biba ta ƙi hawa bencin, ta zauna ƙasa ta miƙe ƙafar mai ciwo. Rahila na tsaye jikin bango, kanta sunkuye. Mushe Aliyu ya gaida Biba da ladabi, ya yi mata sannu da ƙafa, sannan ya nuna yarinyar.

"Inna, wagga mi take gare ki?"

Biba ta dubi ƙasa.

"Mi ne ne sunanta?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na ce, "Haba Mushe, ɗiyar hwari ce! Kai ba Bahaushe ba ne?"

Ya ajiye biron rubutunshi. Ya ce shi mutumin Keita ne, kuma shi ma ɗan fari ne, uwarshi har gobe "wane" take ce mishi. Ya san abin sarai. Amma iyayen haya ma sun san shi. Watan jiya wata mai tallar goro ta zauna daidai inda Biba take, ta rufe fuska ta ce kunya, ashe sunan yaron ne ba ta sani ba. In ya karɓi shiru daga Biba, gobe kowa shiru zai kawo mishi, kuma yaran da ke yawo a tasha iyayensu na can suna zaton suna aji. Na so in ƙaryata shi, ban sami ta inda zan kama ba. Haushi ya ƙara cika ni.

Muna nan zaune har anka buga ƙararrawar shan iska, anka koma. Biba ba ta motsa ba. Daga ƙarshe Mushe Aliyu ya sauke numfashi ya ce ba zai tilasta wa babbar mace ba, mu je, abin da malamai sunka yanke shi ke nan.

Rahila ce ta fara motsawa. Ta ɗauki jakarta, ta zo ta tsuguna kusa da ni, ba kusa da uwarta ba, ta ce a hankali, "Inna Suwaiba, ku ƙyale ta. Mu tahi gida. Kar a sa ta abin da ba ta iyawa." Ba kuka take ba. Ta riga ta haƙura da karatun, a fuskarta na gani, kuma wannan ya fi kuka ciwo. Ta miƙa hannu za ta ɗauko wa uwar sandarta.

Biba ta riga ta. Ta dafa sandar ta miƙe tsaye da ƙyar, ta sauke mayafin daga fuskarta. Ba ta dubi yarinyar ba, Mushe Aliyu ta duba.

"Malam, laihin nawa ne. Na gan ta ta kwana, na san ranar makaranta ce, ta sake kwana ina kallo. Ina son in ce ta koma, ban san ta yadda zan ce mata ba. Kuma ina son dawar. Ni na haihe ta. Ita na hwara haihuwa."

Ya jira. Mu duka munka jira. Leɓenta ya motsa sau biyu ba sauti, kamar mai ɗanɗana magani.

"Rahila," ta ce.

Ba kiran ta anka yi ba, amsar tambayar malam ce. Amma yarinyar, tana tsugune inda take, ta ɗago kai da sauri ta ce, "Na'am, Inna."

Na juya na fuskanci bango ina share ido da bakin mayafi. Mushe Aliyu ya sunkuyar da kai ya rubuta takardar shiga aji, ya daɗe yana rubutun fiye da yadda ƴar takardar ke bukata. Ya miƙa wa Rahila, murya ƙasa-ƙasa ya ce ta wuce, an fara darasi.

Biba ta maida mayafinta, ta yi wa malam sallama, ta fita tana ɗingishi. Na bi ta. Munka taka har tasha. Sai da mai babur ya tayar, ta hau, ta gyara zama, sannan ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"Ashe haka take amsawa."