Ɗaki Mai Gado Biyu a Bahrain

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta raine ni a unguwar Sa'alaba ta Jidda bayan rasuwar mahaifiyata. Umra ce ta kawo ta Jidda tun ban san kaina ba, ta yi zamanta. Aikinta gyaran ɗakuna a wani ƙaramin masauki a unguwar Balad: ta yaye zanen gado, ta wanke, ta shimfiɗa wa baƙin da ko sunanta ba sa tambaya. Ita kuwa in ta dawo gida, katifa ce a ƙasa. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai.

Da na samu aiki a wani shagon ɗinki, sai na shiga adashi da matan layinmu. Na ƙudurta ranar kwasata zan kai ta Bahrain, otal irin wanda ake buɗe wa mutum ƙofar mota, ta kwanta sau ɗaya a gadon da wata ta gyara. Na zaɓi Bahrain ne don kusa take, kuma ba ta da faɗin da zai wahalar da ƙafafun tsohuwa.

Bayan la'asar mukan zauna da wayata muna duba hotuna. Ni farashi nake kallo, ita kuwa gado. "Wuce wannan," ta kan ce, "dubi gefen zanen a sake, malalaciya ce ta gyara." Na nuna mata ɗaki mai kallon teku, na ce ya ɗan fi tsada. Ta harare ni. "Tekun Jidda ƙafewa ya yi?" Muka soke teku, muka koma tsakiyar mako da ya fi sauƙi. Karin kumallo ne kawai ta ƙi a taɓa, wai tana so ta ga an ɗauke kwano a gabanta ba ita za ta wanke ba.

Gwaggo ba ta da iƙama, takardar izinin zaman ƙasar, irin wadda ni nake da ita. Wanda ya zauna bayan umra, ranar da ya kai kansa bakin iyaka ya fita ke nan, babu dawowa. Na sani, ta sani. Na yi ta sintiri wurin wani da ya ce zai gyara mata takardu, kullum amsarsa gobe.

Ranar da na kwashi adashin ta ce, "Halas, shi ke nan, ya binti, 'yata, kama ɗakin. Mai gado biyu."

"Gwaggo, takardun fa?"

"Ke dai kama."

Na kama. Kafin ranar ta zo ciwon ƙirji ya kwantar da ita, muka kai ta makwancinta a nan Jidda.

Ni kaɗai na tafi. Ɗakin sanyi ƙalau, zanen gado a miƙe ko'ina, irin wanda ba za ta kushe ba. Na ɗauki gadon bakin ƙofa, na bar mata na jikin taga. Duk juyin da na yi sai in ji kamar ƙanshin sabulun hannunta, in kasa ɗaga ido in dubi wancan gefen. Na yi kuka har na gaji.

Da safe mai gyaran ɗaki ta ƙwanƙwasa, dattijuwa ce, bayanta ya ɗan ranƙwafa. Ta gyara nawa, ta dubi ɗayan da ba a taɓa ba, ta juya za ta fita.

Na ce, "Don Allah, uwa, wancan ma a yaye a sake shimfiɗawa. Mai shi ta daɗe tana jira."