Yadda Na Sayar da Sunan Ɗiyar Ƙanwata a Kwalba

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan wannan labari ni ne. Kuma ba yaro ne ya yi wautar ba, tsoho ne da furfurarsa, wanda ya yi lakwal, wato boko, a Tasawa har ya kusa sartifika, ya fito da faransanci daidai na karanta bayan kwalin magani da zagin jaki. In kuka ji ni a wancan lokaci ina zuba “wala” da “dakor”, sai ku rantse jiya na sauka daga jirgi.

Sana'ata tallar magani ce. Akwati a bayan moto, wato babur, tabarma, lasifika mai batir, sai kasuwannin ƙauye: yau Bawdeta, gobe Cake, jibi Sarkin Hausa. Da farko abin da na saro a Maraɗi shi nake sayarwa, ba ƙari ba ragi. Ɓarnar da farce ta fara. Wata rana na ga kwalin da kwanansa ya wuce, na ce asara ba daɗi, na kankare kwanan da farcen babban yatsa. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya tambaya. Daga nan farcen bai sake hutawa ba. Sannu a hankali na kai ga ba mai ciwon kai maganin tsutsar ciki, don shi ya rage a akwati, in haɗa masa da addu'a.

Ina da ɗiyar ƙanwa, Salame. Ni na kai ta lakwal ranar farko a kan keke, tana kuka tana cizona a baya. Ita ba ta tsaya inda na tsaya ba. Ta yi Maraɗi, ta yi Yamai, ta ƙetare ruwa, ta dawo ana ce mata Dokta. Ba likitar da ke duba marar lafiya ba ce, mai bincike ce, aikinta a kan palu, wato zazzaɓin sauro da ke kwashe mana yara duk damina.

Wata Sallar layya ta zo gida, muna zaune ana suyar nama, na ce, “Ke Dokta, an ce Turawa sun san sunanki. Gaskiya ne ko faɗar uwarki ce?”

Ta yi dariya, ta buɗe wayarta ta nuna mini wani shafi. Ga hotonta cikin farar riga, ga jerin takardun da ta rubuta, kowace da lamba a gefenta. Ta ce, “Kawu, mu in mun gama bincike sai mu rubuta, a ba wasu masana su tsefe shi. In ya tsira, a buga. Duk wanda ya zo daga baya ya ɗora aikinsa a kan naka, dole ya ambaci sunanka a ƙarshen tasa takardar. Wannan lambar ita ce yawan waɗanda suka yi haka.”

Na ce, “To, kowane ambato nawa ake biya?”

Ta ce, “Ko dala.”

Na ajiye tsokar da ke hannuna. Na ce, “Ɗiyar nan, an cuce ki. Ko maroƙi in ya ambaci mutum, kuɗi na motsi.”

Ta ce, “Da shi ake gane an yarda da aikinka, Kawu. In an yarda, sai a sake ba ka amana.”

Ita ta koma kan namanta, ni kuwa zancen ya tsaya mini a rai. Suna har ƙasar Sin, amma ba ya kawo ko goro? Sai na ga kamar gona ce mai taki an bar ta ba shuka, ga ni kuma da hauya.

Kasuwar da ta biyo baya na fara da gaskiya tsantsa. Na ce a lasifika, “Dokta Salame da kuke gani tana zuwa ƙauyukanku, ɗiyar ƙanwata ce.” Mata suka matso. Kasuwa ta gaba na ƙara gishiri, na ce ita ke zaɓa mini magani. Kafin ruwan farko ya sauka na riga na zama labo, wato ɗakin haɗa magani, da kaina. A bayan ɗakina na jiƙa tsamiya, na tafasa ganyen dogon yaro don ɗaci, na daka farasitamol na zuba, na ɗura a kwalaben lemo. Hotonta na farar riga na sa aka buga mini a wurin fotokopi, na manna da ƙaro. Na sa masa suna “Ruwan Dokta”.

Ku ji tallar: “Turawa sun ambace ta! Larabawa sun ambace ta! Sinawa da ba su iya faɗin sunanta ba ma sun rubuta shi! Ke kuma mi kike jira?” Har a raina ina ganin taimakonta nake yi. Ina cewa duk masanan duniya ba su ambace ta a shekara yadda nake yi a yini guda ba.

Ga abin da ban tsaya na yi tunani a kansa ba. Duk damina Salame da mutanenta suna zuwa ƙauyukan gefen Cake. Yaron da ke da zazzaɓi sai su soki yatsarsa su ɗauki ɗigon jini, su ba shi ƙwayoyin palu na gaskiya, sannan uwarsa ta yi ta dawo da shi ana sake dubawa, don a gane ko maganin yana kashe cutar har yanzu ko ta fara fin ƙarfinsa. Lokacin noma ne, mace ba ta barin gona ta yi layi a gindin bishiya sai don wanda ta amince da shi. Duk aikin Salame a kan wannan amincewa yake tsaye. Ita nake ɗurawa a kwalba ina sayarwa.

Ranar wata kasuwar Cake wata mata ta durƙusa gaban tabarmata, Hajo, da ɗanta Issufu a goye, jikinsa kamar garwashi. Ta kwance bakin zane ta nuna mini ƙwayoyin da mutanen Salame suka ba ta. Ta ce, “Baba, waɗannan suna sa shi amai. Na ga hoton Dokta a kwalbarka. Ɗaya ne da nata?”

Na san amsar. Wallahi na sani. Amma akwai mata uku a bayanta suna saurare. Na ce, “Wannan sabon ne, ɗiyata. Ƙwayoyin tsohon yayi ne, ajiye su.”

Ta ajiye su, ta sayi kwalba.

Kasuwa ba ta zagayo ba sai ga labari: Issufu ya sanƙare, idanu sun juye, an ɗora shi a amalanke an yi likitar Mayahi da shi, a asibitin ana neman jinin da za a ƙara masa. Ubansa ya ɗauki kwalbar ya dire gaban maigari, hoton Salame na kallon kowa. Da motarta ta zo, ba mace ko ɗaya a gindin bishiya. Magana ta bazu ƙauye ƙauye cewa Dokta tana ɗibar jinin ɗiyan mutane da hannun dama, tana sayar musu da ruwan banza da hagu.

Jandarmomi a tsakiyar talla suka same ni. Ina cikin “Larabawa sun ambace ta” na ji an dafa kafaɗata. Lasifikar ma ba su bari na kashe ba, don haka duk kasuwar Sarkin Hausa ta ji ina cewa, “Shef, don Allah a hankali, ina da ciwon baya.”

Salame ta zo ta same ni a tsare. Na shirya wa ihu, ba ta yi ba. Ta tsaya ta ce, “Kawu, wurin aikinmu sun dakatar da ni sai an gano ko da hannuna. Yaran da muka fara bi duk sun watse, aikin bana ya mutu. Wannan duk da sauƙi. Ka yi addu'a yaron can ya tashi.”

Na ce, “Ai sunanki nake ɗaukakawa.”

Ta dube ni kamar yadda take duba abu a madubin labo, ta juya ta fita.

Ban taɓa sanin yini na da tsawo ba sai a zaman jiran labarin Issufu. In ya mutu, ni na kashe shi, kuma da sunan Salame za a binne shi. Ina nan sai matata ta zo kawo mini fura, ta ajiye kwanon da ƙarfi ta ce, “Yaron ya buɗe ido, har ya nemi kunu.” Na zauna a ƙasa ina kuka, jandarman da ke gadi yana tambaya ko mutuwa aka yi. Na ce, “A'a, shef, rayuwa aka yi.”

Dangi sun matsa wa Salame ta roƙa a sake ni, uwarta har fushi ta yi da ita. Ta ƙi. A gaban alƙali ta faɗi abin da ta sani, ba ta ƙara mini ba, ba ta rage ba. Ni kuma na gwada tsohuwar sana'a, na ce, “Ranka ya daɗe, masana na ambatonta ana yaba musu, ni na ambace ta an ɗaure ni.” Alƙali ya ce, “Cikin takardun nata wace ka karanta?” Na ce da turancin Ingila aka rubuta su. Ya ce to zan sami lokacin koyo.

Gidan kaso ba zan ba ku labarinsa da yawa ba. Wake da tsakuwa, kwana a gefe ɗaya, da yara sa'o'in jikokina suna kirana “Farfesa”. Abin da ya fi ci mini rai, duk wanda zazzaɓi ya kama a ɗakin sai a ce, “Farfesa, ina ruwan naka?”

Da na fito, an wanke Salame a wurin aikinta, amma ƙauyuka ba su karanta takardar wankewa. Mata na nan kan bakansu. Sai na ari moto, na ɗauki tsohuwar lasifikata, na bi kasuwannin nan ɗaya bayan ɗaya ba akwati. Na tsaya inda na saba shimfiɗa tabarma na ce, “Jama'a, Ruwan Dokta tsamiya ce da dogon yaro! Ni na dafa shi a tukunyar wankan matata! Dokta ba ta taɓa ganinsa ba!” An yi dariya, an yi tsaki, wata tsohuwa a Bawdeta ta jefe ni da ɓawon kabewa, kuma ta iya saiti. Na yi ta yi har muryata ta dushe.

Da damina ta dawo na bi motar Salame daga nesa. Da farko bishiyar ba kowa. Can sai ga mace ɗaya, sai ga biyu. Rana ba ta take tsaka ba sai da layi ya fita daga inuwa. Hajo ma ta zo, Issufu na tafe da ƙafarsa yana jan zanenta. Na tashi in gaishe ta, ta ce, “Wurin Dokta na zo. Kai matsa daga inuwar, ta masu lafiyar hali ce.” Na matsa. Ban taɓa jin daɗin tsayuwa a rana kamar ranar ba.

To, ku yara masu tasowa, ku saurari Farfesa. Kada ku raina ƙaramar ƙarya don ba wanda ya kama ku, ni da farce na fara. Kada ku sayar da abin da za a zuba a bakin marar lafiya alhali ba ku san mene ne ba. In kuna da ɗan uwa mai suna, ku sani shekaru ya yi yana tara shi, kuma ba gadonku ba ne. Wanda ya ba ku magani ya ce ku ajiye na likita, ku ajiye shi shi. Yanzu goro da ashana nake sayarwa a bakin tasha, ba na manna hoton kowa, barcina kuma har da minshari.

Bana da Salla Salame ta zo, aikin nan da na kashe ya kammala, an buga shi, har lambar gefensa ta fara motsi. Ta nuna mini a waya. Na gyara hula, na yi gyaran murya gaban dangi na ce, “To Dokta, ni da na yi yawon kasuwanni na dawo miki da matan nan, ina fatan an ambaci Kawu a ciki?”

Ba ta ko ɗaga kai daga wayar ba. Ta ce, “Kana ciki, Kawu. Kowace takarda tana da wurin da ake faɗin matsalolin da aiki ya gamu da su.”