Jarkoki Biyu a Bayan Tsohuwar Jif

Rabin shekarun da na yi ina aikin malamin dabbobi a kan hanya suka ƙare. Ofis ba ta da motar da za ta ba ni, sai na lallaɓa na sayi wata tsohuwar jif a hannun wani ɗan kwangila da ya gaji da ita. Ba ta tsoron yashi, ba ta tsoron laka, amma shan manta ya fi ƙarfin tankinta. Rugagen da nake kai wa allurar rigakafi kuwa suna can inda babu gidan mai, sai dai ɗan bumburutu ranar kasuwa, shi ma in an yi sa'a. Da farko jarkar roba nake sakawa a cikin motar, kusa da kular magani. Kafin in isa kaina ya yi nauyi, rigata tana warin fetur, har shanu su riƙa ja da baya in na matso.

Yayana mai walda ne, rumfarsa tana wajen Ƙofar Kuyambana. Wata rana na tsaya gaishe shi, ya leƙa ta taga ya ga jarkar.

"Da gobararka kake yawo ashe," ya ce. "Bar mini motar nan kwana uku."

Kwana tara ta yi a wurinsa. Ya cire 'yar bambar bayan da ta zo da ita, ya ƙera wata da ƙarfe mai kauri, ya yi mata hannu mai buɗewa kamar ƙyaure, ya ɗora safayar taya a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma mazaunin jarkokin ƙarfe biyu. Ya shafe ta da baƙin fenti. Ranar da na je ɗauka, ya hau kanta ya yi tsalle sau biyu don in ga ba ta motsi. Na yi murna ƙwarai, ban ɓoye ba.

Sai da na iso gida a Kusfa na gane motar ta ƙara tsawo. Na shigar da ita ɗan garejin da na fitar a jikin zaure, ƙyaure ya ƙi rufuwa. Lungunmu kuma ba shi da faɗin da zan juya ta. Haka ta koma zama da bayanta a waje, jarkokin suna kallon duk mai wucewa masallaci. Na gwada sauke su kullum da yamma in kai cikin gida, bayana ya soma ciwo, matata kuma ta ce, "Malam, nan fa ake hura wuta, ga yara suna kai da kawo." Gaskiya ta faɗa. Na mayar da su inda suke.

Muddin akwai mai a gari, babu wanda ya kula da su. Da aka shiga wahalar mai, layi ya miƙe daga gidan mai har ya sha kwana, sai sallama ta yawaita a ƙofar gidana. Mai babur yana son kwalba ɗaya. Mai injin niƙa ya ce markaɗen mata ya taru. Ladan ya zo saboda janaretan masallaci. Duk mutanen da na tashi a cikinsu ne, wasu sun ɗauke ni ina jariri. Nakan wuni a layi in cika jarkokin, kafin jibi ɗaya ta yi rabi. Na koyi zuƙo mai da tiyo ba tare da ya shiga bakina ba, abin da ban taɓa zaton zan iya ba.

Wata Laraba bayan la'asar maƙwabcina ya yi sallama. Tsohon malamin firamare ne, mutum mai kunya, bai taɓa roƙona ko allura ba. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya ce matarsa tun safe numfashi yake yi mata wuya, an samu motar da za ta kai ta asibiti can bayan gari, amma babu ɗigon mai a cikinta.

Washegari zan tafi wata ruga mai nisa inda ciwon huhu ya shiga shanun maƙwabtansu. Na riga na auna tafiyar: tanki da jarka biyu, zuwa da dawowa, babu ragi. Na tsaya ina kallon jarkokin, shi kuma yana kallon ƙasa.

"In babu hali, Malam, wallahi ba komai," ya ce.

Na sauke guda na kai masa har bakin motar.

Da tanki da jarka ɗaya na fita da sassafe, da niyyar in yi dabara a dawowa. Ashe ruwan da aka yi ya cinye mashigin da na saba bi. Na zagaya ta wata hanya da ban sani ba, na ɓace sau biyu, motar tana ta haƙa a cikin laka tana shan mai. Wajen azahar ta yi tari ta mutu, jarkar ma na riga na juye ta. Na ɗauki kular a kafaɗa na kama tafiya. Rana ta kusa faɗuwa na isa. Da na buɗe kular, ƙanƙarar ta narke tuntuni, ruwan har ya yi ɗumi.

Ardon rugar dattijo ne, ya tara shanu tun hantsi yana jirana. Ya sa hannu a cikin ruwan ya dube ni.

"Malam, allurar ba za ta yi ba ko?"

"Ba za ta yi ba. In na yi musu, na yaudare ku ne."

Ya sa aka kawo mini nono da tabarma. Washegari wani mai babur ya samo mini mai a kasuwar ƙauye na dawo. Kafin a sake ba ni wani maganin in koma, ciwon ya riga ni shiga garken. Ardon bai taɓa tayar da maganar ba, ni ne dai na daina iya haɗa ido da shi.

Matar maƙwabcina ta warke. Ta aiko mana da dambu a babban kwano, mijinta ya zo ya yi ta addu'a har na ji nauyi. Ban faɗa masa abin da ya faru ba, har ya koma ga Allah bai sani ba.

Bayan wannan na koma wurin yayana na ce ya yi mini wurin maƙala kwaɗo a mazaunin jarkokin.

"Zan yi maka," ya ce, "amma ba zai hana su zuwa ba."

Bai hana ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne na koyi faɗin kalmar babu, kuma ban taɓa iya faɗarta da daɗi ba. Wasu suka rage gaisuwa. Da kuɗin mai ya yi tashin da ya yi, cika tankin ma ya gagare ni, jarkokin suka zauna wayam. Duk da haka ana zuwa. Nakan fito in ƙwanƙwasa su da makulli don mutum ya ji ƙarar da kunnensa, ya yi murmushi ya tafi bai yarda ba. Daga baya hanyoyin dajin suka lalace da rashin tsaro, ofis ta ce a dakata da fita, dakatawar da har na yi ritaya ba a ɗage ta ba.

Bara na ce wa yayana ya zo mu cire bambar, ko motar ta samu mai saye a cikin gari. Ya zo da sifanoninsa a buhu. Hasken walda ya ci idonsa, da lalube yake gano kan noti. Tsatsa ta kama notocin gam. Muka zuba baƙin mai, muka jira, ya danna, na danna, har muka haɗu mu biyu a kan sifana ɗaya. Guda ɗaya ya motsa kaɗan, sauran ko gezau.

Ya zauna a kan dakali yana haki.

"Da ƙarfi na ɗaure su," ya ce. "Lokacin ina da shi."

Na shiga gida na kawo mana ruwa. Muka sha. Ya ce sai dai a kawo injin yanka, na ce to, wani satin. Ya tattara sifanoninsa, na raka shi bakin titi ya hau babur.