Galan ɗin baƙin mai da na gani na yi shiru

Da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, wata Asabar a shekarar da muka gudu daga Mubi, na fito ƙofar gidanmu a Lokuwa da butar shayi. A lokacin ni ɗaliba ce, marar surutu, irin wadda ko takardar cikin kwalin magani sai ta karance. A aji ma ban cika ɗaga hannu ba, ko da na san amsa.

Yayana, wanda muke kira Hamma, yana da babur mai ƙafa huɗu da ya sayo daga tsallaken iyaka. Ya sa an ƙara masa girman fistin na cikin inji, an canza salansa da tayoyi, har ya zama babu tudun da yake gagararsa. Da ma ni ya sa na bincika masa maganar fistin ɗin a waya, ni kuma na zarce da karatu. A nan na gane cewa kulocin irin wannan babur, wato abin da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, a cikin baƙin man inji yake wanka, kuma man da aka yi don mota yana da santsin da ke cinye shi a hankali.

Ranar ina ajiye shayi na ga Hamma riƙe da galan ɗin man mota mai tsada, zai yi juye. Abokansa na kewaye da shi, wani yana cewa injin da aka ƙara wa ƙarfi ai sai man manya, wani yana tsokanarsa wai ya fi kula da babur a kan budurwarsa. Na karanta bayan galan ɗin daga inda nake tsaye, na san ba shi ba ne. Hamma ya lura, ya tambaye ni cikin wasa ko Malama tana da gyara, aka kwashe da dariya. A gidanmu ƙanwa ba ta gyara wa yayanta magana a gaban mutane. Na ce babu, na shige ciki. Na yi niyyar faɗa masa idan ya kaɗaita, sai na riƙa cewa gobe. Da na ji yana ƙorafin babur na ihu ba ya ja sosai, sai kunyar ta ƙaru, don zai tambaye ni me ya hana ni magana tun farko.

Da safiyar da 'yan bindiga suka shigo, harbi ya cika gari, kowa ya fita da abin da ke jikinsa. Babanmu ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya taku. Hamma ya ɗora shi a babur, na zauna a baya na rungume shi, Mama da sauran 'yan gida suka bi ayarin masu ƙafa. Muka yanki daji muka nufi Sorau, inda ƙanwar Baba take aure. Mun haye wani mayo, wato rafi, muka fara hawan tudu da nauyin mutum uku, sai injin ya dinga kururuwa tayoyi ba sa motsi. Ƙauri ya tashi. Hamma ya canza giya, ya sake canzawa, yana salati. Ni kaɗai na san abin da ya faru: man nan ya gama cinye kulocin.

A nan muka bar babur ɗin. Hamma ya goya Baba da zanena, ya haura duwatsu da shi, yana saukewa yana sake ɗauka, Baba na roƙonsa ya ajiye shi ya tsira da ni, shi kuma yana cewa Baba ya daina ɓata bakinsa. Allah Ya kai mu da rai. Amma gadon bayan Hamma bai sake komawa daidai ba. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, yau a shago yake yini da filo a ƙugu, sallah ma wani lokaci a zaune.

Na san komai da ƙaddara, amma ni ma ina da baki ranar. Ina kira ga masu irin wannan babur su duba man da suke zubawa, tsada ba ita ce dacewa ba. 'Yan'uwana mata masu kunya irina kuma, idan kin san abu zai cutar, ki faɗa, ko a gefe ne. Da na yi magana ranar, da dariyar abokan Hamma ta ƙare kafin magariba.

Sai bayan mun dawo gida da daɗewa na iya gaya masa. Na tambaye shi, da na yi magana ranar, zai saurare ni? Ya daɗe yana gyara filonsa. Ya ce gaskiya a gaban abokansa da ya kore ni, har ya ce in koma wajen littattafaina. Amma washegari, kafin kowa ya zo, da ya zubar da man ya sayo wanda na ce.