Inuwar Katangar Baffa

Wata Laraba cikin Disamba, shekarar da nake aji huɗu a Kagara, na shigo gida da gudu, takalma a hannu, ina haki kamar jakin da ya sha kaya. Baffa Isa, ƙanin mahaifina wanda ya riƙe ni, yana tsaye da tsumagiya. Bai ko dube ni ba, dutsen da ke tsakar gida ya nuna. Inuwar katanga ta riga ta rufe shi.

Shi ya ajiye dutsen nan arewa da katanga a ƙarshen damina, ranar da ya yarda in ci gaba da boko. Sharaɗinsa ɗaya ne: in dawo kafin inuwa ta taɓa dutsen, in wuce fadama ban ruwan albasa, in ina makara, karatu ya ƙare. Da fari har langa nake tsayawa yi a hanya, in iso da sauran rana a kan dutsen. Da sanyi ya shigo sai inuwar ta fara riga ni. Na bar langa, na bar jiran abokai, na koma gudu, duk a banza. Daga baya ma tun muna cikin aji take isa.

"Mi kat tsaya yi bisa hanya?" in ji Baffa. "Inuwa ba ta ƙarya, kai dai ka lalace." Na rantse har muryata ta dushe. Ranar ya raba ni da makaranta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da bazara ta yi inuwar ta janye, har ta koma kudu da katanga, dutsen yana shan rana tsirara. Kowa a gidan ya gani. Babu wanda ya ce a mai da yaron nan aji.

Bara 'yata ta ɗauki lemo da fitilar waya ta nuna mini yadda duniya take zagaya rana a karkace, shi ya sa rana kan yi kudu da sanyi, inuwa ta miƙe arewa, ta dawo da bazara. Tana bayani tana dariya. Yaran yanzu da agogo a aljihu suke yawo, ba mai auna gaskiyarsu da katanga. Baffa ya rasu yana gaya wa mutane cewa wasa ne ya hana ni karatu.